Yadda Ake Auna Tafiyar Mai Shanyewar Jiki

A ƙasar Hausa da wuya ka tambayi majiyyaci "Baba, yaya jiki?" ya ce maka babu sauƙi. Ko a kwance yake, sai an juya shi, amsarsa ita ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Tarbiyya ce mai kyau, kuma akwai tawakkali a cikinta. Sai dai likitan gashi da ke kula da mai shanyewar ɓarin jiki ba zai iya ɗora magani a kan wannan amsa ba. Yana so ya san ko motsa jikin da ya koya wa majiyyaci wata guda da ya wuce ya yi amfani, ko lokacin ajiye sanda ya yi, ko kuma za a iya barin dattijo ya tafi masallaci shi kaɗai. Iyalin ma suna da haƙƙin sani, tunda su ke biyan kuɗin mota daga Bunkure, Kura ko Kumbotso zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko Asibitin Ƙashi na Dala, su bar gona da kasuwa wuni guda.

A wannan yanki ƙafa ita ce jarin mutum. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Mai ban-ruwa yana bin kunya siririya, yana tsallake ƙaramar magudana, yana tsugunawa ya buɗe wa ruwa hanya, yana cire ƙafa daga taɓo. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, duk wannan ya tsaya cak. Kuma cutar ba baƙuwa ba ce. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini na da hannu a kusan 9 cikin 10 na shanyewar ɓarin jiki a wurinmu. Ga kuma masu raunin laka sakamakon haɗarin mota da babur, ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa, ga masu cutar karkarwa ta Parkinson, ga ɗimbin waɗanda shan inna ta taɓa. Dukansu tambaya ɗaya ake yi a kansu: motsinsu gaba yake yi, ko baya, ko yana nan inda yake?

Ido ba ya iya amsa wannan tambaya. Wanda ke tare da majiyyaci kullum ba ya ganin canjin da ke zuwa kaɗan-kaɗan, wanda kuma ya daɗe bai zo dubiya ba yakan ga abin da zuciyarsa ke fata. Shi ya sa masana suka tsara gwaje-gwaje masu ba da lamba, kuma abin farin ciki, mafi yawansu ba sa buƙatar na'ura mai tsada.

Mafi sauƙi shi ne gwajin mita 10. Ana auna fili shimfiɗaɗɗe, a ja layi a farko da ƙarshe, majiyyaci ya yi tafiya yadda ya saba, a riƙe lokaci da agogon waya. Sai a raba nisa da lokaci. Wanda ya ci mita 10 a sakan 25 yana tafiyar mita 0.4 a sakan. Wanda ya ci a sakan 12.5 yana yin 0.8. Lafiyayyen baligi yakan yi tsakanin 1.2 da 1.4. A 1995 wata likita a Amurka, Jacquelin Perry, da abokan aikinta suka nazarci masu shanyewar ɓarin jiki, kuma daga aikinsu aka samo rabe-raben da ake amfani da su har yau: ƙasa da 0.4 mutum na cikin gida ne, tsakanin 0.4 da 0.8 yana ɗan fita unguwa, sama da 0.8 yana iya shiga gari ya yi harkokinsa. A mayar da lissafin gona: idan tsakanin gida da fadama kilomita 1 ne, mai tafiyar 0.4 zai shafe kusan minti 42 kafin ya isa, in ma bai tsaya hutawa ba, mai 0.8 kuwa kusan minti 21. A tuna kuma da mai son tsallaka titin Kano zuwa Zariya a Kura, inda manyan motoci ba sa jiran kowa.

Na biyu shi ne gwajin tashi-ka-je, wanda Podsiadlo da Richardson suka wallafa a Kanada a 1991. Mutum yana zaune a kujera mai hannuwa, tsayinta daga ƙasa kamar santimita 46. Da an ce "tashi" sai ya miƙe, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo, ya dawo, ya zauna. Ana tsayar da agogo da zarar ya zauna. Amfaninsa shi ne ya haɗa abubuwa huɗu da ke kayar da mutane: miƙewa, tafiya, juyawa da zama. Akwai kuma gwajin minti 6, wanda ke auna juriya, wato mita nawa mutum zai ci a cikin minti 6; ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2002 ta ce a yi shi a baranda mai tsawon mita 30. Sai ma'aunin Berg na 1989, mai ayyuka 14, irin su tsayuwa da ido a rufe, ɗauko abu daga ƙasa da tsayuwa da ƙafa ɗaya, kowane aiki maki 0 zuwa 4, jimilla 56.

Samun lamba ba shi da wuya. Wuyar ita ce a sami lambar da za a yarda da ita. Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a Kura ya san cewa tiya ɗaya tana iya ba da awo biyu: wannan ya cika ta da tozo, wancan ya share bakinta, wani kuma tiyarsa a lotse take. Idan ka auna yau da tozo, gobe aka share, za ka rantse shinkafarka ta ƙaru alhali ko ƙwaya ba a ƙara ba. Haka awon tafiya yake, kuma masana sun raba matsalar gida uku. Akwai tambayar ko ma'aikata biyu da suka kalli mutum ɗaya za su ba shi maki ɗaya. Akwai tambayar ko ma'aikaci ɗaya zai yarda da kansa idan ya sake awon. Sannan akwai tambayar ko majiyyacin da jikinsa bai canza ba zai ba da lamba ɗaya yau da mako mai zuwa. Ana gwada kowanne ta hanyar maimaita awo a kan mutane da yawa, a fitar da wani adadi tsakanin 0 da 1. Duk yadda ya kusanci 1, to awon ya fi tabbata. Gwajin mita 10 da na tashi-ka-je sukan haura 0.9 a masu shanyewar ɓarin jiki idan an bi ƙa'ida.

Amma wannan adadi yana iya ruɗar mutum. Idan aka haɗa masu ja da ƙafa da ƙyar da masu tafiya kusan lafiya lau a bincike ɗaya, adadin zai fito da kyau, don kuwa ba wuya a bambance su. Abin da likita ke nema ya fi wannan ƙanƙanta. Yana son ya bambance Malam na yau da Malam na watan jiya. Don haka ake lissafa wani abu dabam, wato girman kuskuren da ke cikin awon kansa. Ko da jiki bai canza ba, lokaci yakan ɗan yi sama ko ƙasa: ɗan yatsan mai riƙe agogo ya yi jinkiri, majiyyaci bai yi barci sosai ba, wani ya gitta. Ana ninka wannan kuskure da kusan 2.8 a sami iyakar da dole canji ya wuce kafin a ce na gaske ne. Idan kuskuren sakan 1 ne, to ragin sakan 2 ba ya tabbatar da komai, sai ya kusa sakan 3. Wani bincike da Flansbjer da abokan aikinta suka wallafa daga Suwidin a 2005, a kan mutum 50 da suka daɗe da shanyewar ɓarin jiki, aka auna su sau biyu da tazarar mako guda, ya nuna cewa a gwajin tashi-ka-je sai canji ya kai kusan kashi 23 cikin 100 kafin a amince da shi ga mutum ɗaya. Wanda ya yi sakan 20 a watan jiya, yau ya yi 18, ba a ce ya ji sauƙi ba tukuna, ba a kuma ce bai ji ba. In ya sauko 15, to an ga abin kamawa. A ma'aunin Berg ma, ga masu sabuwar shanyewa, sai bambanci ya kai kamar maki 6.

Wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a nan ake yawan yin kuskure ta fuska biyu. Wani ya ga ragin sakan 1 ya yi murna ya ƙwace wa mahaifinsa sanda, sai faɗuwa ta biyo baya, ƙugu ya karye. Wani ya ga ƙarin sakan 1 ya karaya ya daina kai shi gashi. Dukansu sun gina hukunci a kan abin da bai wuce kuskuren awo ba.

Akwai kuma wata iyaka ta biyu: canjin da ya tabbata, shin ya kai mutum ya ji shi a rayuwarsa? Binciken Tilson da abokan aikinta na 2010 ya nuna cewa ga wanda ke cikin watannin farko bayan shanyewa, ƙarin saurin kusan mita 0.16 a sakan shi ne ke tafiya tare da raguwar dogaro da wasu a zahiri.

To me ke lotsa awo? Abubuwa ne ƙanana da ba a cika kula da su ba. Wasu asibitoci suna sa mutum ya fara daga tsaye a kan layi, wasu suna ba shi mita 2 ya ɗauki hanya kafin a kunna agogo da mita 2 bayan layin ƙarshe, wasu kuma suna auna mita 6 na tsakiya kawai. Duk hanyoyin suna aiki, amma ba a haɗa lambar wannan da ta wancan. Kujera ma haka: miƙewa daga farar kujerar roba ba ɗaya ba ne da miƙewa daga benci ko 'yar kujerar tsakar gida. Takalmi babban lamari ne. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa tafin ƙafarsa na langaɓewa ƙasa, silifas na zare masa, sai ya riƙa jan ƙafa don ya riƙe shi. Auna shi yau da silifas, wata mai zuwa da takalmi mai maɗauri, za ka ga "sauƙi" wanda na takalmi ne. Mace da ta ɗaura zani ya matse ba za ta buɗe taku kamar ranar da ta sa doguwar riga mai faɗi ba. Sai kalmomin umarni: "yi tafiya yadda kika saba, Hajiya" da "yi sauri, Hajiya" gwaji biyu ne mabambanta. A gwajin minti 6, ƙarfafa gwiwa kaɗai na ƙara nisa, shi ya sa ƙa'ida ta tsara abin da za a faɗa a kowane minti, ɗa da ke gefe yana cewa "Yauwa Baba, saura kaɗan!" ya sauya sakamakon ba tare da ya sani ba. Gajeriyar baranda kuma tana ƙara yawan juyawa, nisan ya ragu. Kuma mutum yakan fi kyau a karo na biyu don ya gane abin da ake so, saboda haka ake yin gwaji na share fage, sannan a auna sau biyu ko uku a ɗauki matsakaici.

Lokaci ma yana da nasa. Wanda ya taso daga Bunkure tun asuba, ya sha jijjiga a mota, ya zauna a layi har azahar cikin zafin Afrilu, ba shi ne mutumin da aka auna da hantsi cikin sanyin Janairu ba. Haka mai azumi da yamma. Ga mai cutar Parkinson abin ya fi tsanani, domin maganin levodopa yana da lokacin da yake aiki da lokacin da yake sakin mutum; a rana ɗaya zai iya tafiya sumul, bayan 'yan awoyi ƙafafunsa su manne a ƙasa. In ba a rubuta ƙarfe nawa ya sha magani ba, lambar ba ta da ma'ana.

Wani abin lura shi ne kowane ma'auni yana da ƙasa da rufi. Wanda bai iya tsayuwa ba zai ci sifili a gwajin mita 10 wata bayan wata, alhali a cikin watannin ya koyi juyawa a shimfiɗa, ya koyi zama ba jingina. Irin wannan ana auna shi da ma'aunin Rivermead, wanda aka tsara a Oxford ta Ingila a 1991, mai matakai 15 da suka fara daga juyi a gado suka ƙare da gudu. Wanda kuma ya warke sosai zai iya cinye maki 56 na Berg, amma a ɗora shi a kan kunyar shinkafa mai santsi a ga abin da ya rage. Cikakken maki a asibiti ba izinin komawa bakin magudana ba ne.

Wannan ya kawo mu ga babban giɓi. Kusan duk waɗannan ma'aunai an tsara su ne a ƙasashen da ake kwana a gado mai tsayi, a zauna a kujera, a hau bene. Wani ma'auni mai suna Barthel, na 1965, da na Rivermead duk suna tambaya a kan hawa matakala. Manomin da gidansa ba bene zai rasa maki a kan abin da bai shafe shi ba, sannan babu mai tambayarsa abin da ya fi damunsa: tashi daga tabarma, tsugunawa a masai, riƙe buta a yi alwala, ruku'u da sujada da miƙewa daga zaman tahiya, ɗaga ƙafa a hau babur ko a shiga A Daidaita Sahu. Tashi daga ƙasa ya fi tashi daga kujera wuya nesa ba kusa ba. Haka nan idan aka tambayi matar da ba ta saba fita ba tun tana lafiya ko tana tafiya a waje ita kaɗai, za ta ce a'a, a rubuta mata rauni wanda ba cuta ce ta kawo shi ba. Wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001 ya bambance abin da mutum zai iya yi a wurin gwaji da abin da yake yi a muhallinsa na kullum, kuma a wurinmu tazarar da ke tsakanin biyun tana da faɗi.

Masu bincike a Kano sun fara cike giɓin. A 2014 Ashiru Hamza Mohammad da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwada ingancin wani ma'aunin tasirin shanyewar ɓarin jiki da suka mayar Hausa, wanda a cikinsa akwai sashen tambayoyi kan motsi. Amfanin irin wannan aiki a fili yake: idan kowane ma'aikaci yana fassara tambaya daga Turanci nan take yadda ta zo masa, to kowa da tambayarsa, amsoshin ba sa haɗuwa. A ganina mataki na gaba da ya kamata sashen koyar da aikin gashi na Jami'ar Bayero ya ƙara wa ƙarfi shi ne tsara gwaji na tashi daga tabarma da na motsin salla, a gwada tabbatarsu kamar yadda aka gwada na Kanada da Ingila, a fitar da iyakar kuskurensu a kan mutanenmu.

Masu shan inna suna da nasu darasi. An ga cutar ta asali karo na ƙarshe a Jihar Kano a Yulin 2014, kuma a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, manya da matasa. Mutumin da ke tuƙa kekensa mai ƙafa uku da hannu daga Panshekara zuwa cikin birni zai ci sifili a kowane gwajin tafiya, alhali ya fi wasu masu ƙafa biyu zirga-zirga. Shi abin aunawa a wurinsa shi ne nisan da yake ci da keken, yadda yake hawa da sauka, da lafiyar kafaɗunsa. Kuma akwai dalilin da ya sa bai kamata a daina auna su ba: wasu daga cikin waɗanda suka yi shan inna sukan gamu da sabon rauni da gajiya bayan shekara 15 zuwa 40. Yana shigowa ne a hankali, ba a kama shi da wuri sai in akwai lambar bara da za a kwatanta da ta bana.

Awo yana kuma kare aljihu. Bayan shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan farfaɗowa na faruwa ne a watanni ukun farko, daga nan ta riƙa raguwa zuwa wajen wata shida, ko da yake motsa jiki na ci gaba da amfani bayan haka. Duk abin da aka sha ko aka shafa a waɗannan watanni shi ake yaba wa. Iyalin da ke da rubutaccen awo suna iya ganin ko abin da suke kashe wa kuɗi a wata na takwas ko na goma yana motsa lambar ko ba ya motsa ta, na asibiti ne ko na gargajiya.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace cibiyar lafiya ta matakin farko a Kumbotso, Kura ko Bunkure ba: tef ɗin magina, ɗan fenti a ja layi a baranda, kujera ɗaya mai hannuwa da ba a canzawa, waya mai agogo, da littafi. A kowane awo a rubuta rana da lokaci, irin takalmi, da sanda ko babu, lokacin shan magani, da sunan wanda ya auna. A duba hawan jini kafin a fara, wani ya riƙa bin majiyyaci ta ɓangaren da ya shanye ba tare da ya riƙe shi ba, a dakata nan take in ya ji jiri ko ciwon ƙirji. Gwajin farko a bar wa likitan gashi, shi zai zaɓi wanda ya dace da matakin da mutum yake, ya kuma ce ko za a iya maimaita shi a gida.

Kai kuma da ke raka mahaifi ko mahaifiya gashi, kada ka fito ba ka tambaya ba: "Likita, da me aka auna shi yau, nawa ya samu, kuma sai ya kai nawa za mu ce ya ci gaba?" Ka sa a rubuta maka a katinsa, ka zo da takalmin da sandar da ya zo da su yau a ranar dawowa.